Neman Sabo

Bana aka cike karofin ƙarshe na garinmu. Ina tsaye a gefe, dogare da sandata, tifa tana zuwa da jar ƙasa tana juyewa a cikin ramukan rinin da kakanninmu suka gina. Wai injin casar shinkafa za a kafa a wurin. Babu wanda ya ce a bari, ni ma ban ce ba, don ramukan sun daɗe da bushewa, ba abin da ke cikinsu sai ledoji da kwaɗi. Amma da na koma gida tuwo ya ƙi shiga. Uwar yarana ta tambaya ko tsohon ciwon ƙafata ne ya motsa, na ce mata eh, don ya fi sauƙin faɗa. Gaskiyar ita ce a bakin ramukan nan na yi wayo, ni da Sabo, kuma tun ranar nake ta tuna abubuwan da na ɗauka sun kwanta.

A zamanin da nake magana, ba ƙarar injin ban ruwa ke tashin mutum da safe ba, ba kuma hon ɗin motocin ɗaukar tumatir ba. Da gari ya waye sai ka ji luguden mata daga bayan danga, can kuma masu bugu sun fara. Duk wanda ya tashi a ƙasar Kura a lokacin ya san wannan sauti: mutum biyu zaune suna fuskantar juna, gungumen itace a tsakaninsu, kowa da mabuginsa, suna dukan rinannen yadi har sai ya yi ƙyalli kamar an shafa masa mai. Wannan ya sauke, wancan ya ɗaga. In ka dawo daga tafiya, tun daga bakin gari shi ke fara yi maka maraba. Noma kuwa na damina ne kaɗai. In an kai gero da dawa rumbu, an tone gyaɗa, sai ƙasa ta kwanta ta huta, mutum ma ya sami sararin zama da ɗan'uwansa. Mu samari aikinmu da rani shi ne mu jawo ruwa daga rijiya mu cika ramuka, mu bi gida-gida muna kwasar toka, mu yi ta juya baba har kumfa ta taso shuɗiya. Hannuwanmu ba sa rabuwa da shuni ko da ranar salla. Yanzu ba rani ba damina. Ana cire shinkafa ana dasa tumatir, ana tsinke tumatir ana shuka masara, yaro ya gaishe ka daga kan babur da waya a kunne, kafin ka amsa ya yi nisa. Ba ina cewa da ta fi yanzu ba ne, don mun sha yunwar da yaran yanzu ba su san ta ba. Ina dai cewa garin da na tashi a cikinsa babu shi, ga shi kuwa ban ƙaura ko'ina ba.

Sabo ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina, wato taubashina. Shi ne ɗan farinta, shi kaɗai ne kuma ya tsaya mata, sauran duk sun koma tun suna goye. Mijinta ma da wuri ya rasu, ta dawo gidanmu da zama. Saboda kunyar ɗan fari ba ta kama sunansa. In za ta tambaye ni shi sai ta ce, "Ina mutumin naka?" Ya ɗan girme ni, ya kuma fi ni ƙarfi da baki. Ni ina ce masa bawana, kamar yadda ɗan namiji kan tsokani ɗan mace, shi kuma ya ce bai taɓa ganin ubangida mai ƙafafun sauro irin nawa ba. Kwanonmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, in an yi laifi ma bulala ɗaya ce.

Labarin yaƙin basasa ta akwatin rediyon wani tela ya shigo mana. Mukan taru a ƙofar shagonsa bayan la'asar mu ji ana ambatar garuruwan da bakinmu ba ya iya furtawa. Sai wani ɗan ƙauyen kusa da mu ya zo ganin gida cikin kaki, takalminsa yana ɗaukar ido, yana raba goro ko'ina ya tsaya. A lokacin Sabo bai daɗe da aure ba, amaryarsa Azumi ko lallen ƙafarta bai gama fita ba. A bakin karofi ya ce da ni, "Ubangida, haka za mu tsufa da shuɗin hannu? Mu je mu ɗan taɓa, in dawo in yi wa tsohuwa rufin kwano, in saya wa Azumi keken ɗinki." Na yi dariya, amma kafin rana ta faɗi na yarda.

Mahaifina bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce, "Yaƙi ɗan zamba ne. Wanda yake kiranku bai san wahalar da aka sha kafin ku yi wannan tsawon ba." Da ya ga ba mu da niyyar fasawa sai ya sa mana albarka, don gudun kada mu tafi babu ita. Gwaggo ta yini tana daka mana dakuwa, ta ƙulle a ƙyalle ta miƙo mini. Ta ce, "Kai ka riƙe. In ka ba mutumin naka, kafin ku kai Kumbotso ya cinye." Muka yi dariya duka, har ita. Haka muka rabu.

Horon da aka ba mu bai kai a kira shi horo ba. Aka yi mana aski ƙwal-ƙwal, aka koya mana hagu da dama da yadda ake kwance bindiga a haɗa, saje yana zaginmu da wata irin Hausa ta bariki. Kafin takalmi ya saba da ƙafarmu an loda mu a jirgin ƙasa an yi kudu da mu. Mu da muka saba hango mutum tun yana ɗan mitsitsi a ƙarshen gona, sai ga mu a dajin da ba ka ganin abin da ke gabanka. Ruwa kullum, kaya ba sa bushewa, tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari ya tsage. Wani lokaci a rasa inda rana take balle a san gabas, sai mu fuskanci inda zuciya ta ba mu mu yi salla. Na ga abubuwan da ba na faɗa. Wanda ya fi tsaya mini shi ne yaran ƙauyukan da muke shiga, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ko kuka ba sa yi. Sabo yakan raba abincinsa biyu ya miƙa musu. In saje ya yi magana sai ya ce, "Saje, ai ba da waɗannan aka aiko mu faɗa ba."

Ranar da aka ce za mu ƙetare babban kogi, da hantsi ne, gari garau. Mu a nan mun san kogi: da rani yashi ne, a tona a sha, da damina kuma in ya kawo a zauna a bakinsa a jira ya sauka. Wannan kuwa ɗaya gaɓar kamar zare ake hango ta. Yawancinmu 'yan tudu ne, ba mu iya iyo ba. Aka kawo manyan jiragen fito, ana loda motoci da gangunan man fetur da mutane. Muna cikin layi, Sabo yana gabana, ya waiwayo ya ce, "In muka koma muka ba da labarin ruwan nan, cewa za a yi ƙaryar soja ce." Ya taka ya hau. Ni ma na ɗaga ƙafa, sai saje ya gitta hannu a ƙirjina ya ce jirgi ya cika, saura su jira na biyu. Sabo ya ɗaga murya ya ce wani abu, ƙarar inji ta haɗiye. Har yau ban san me ya ce ba. Ina jin tsokana ce, don na ga na kusa da shi suna dariya.

Namu jirgin bai yi nisa da gaɓa ba, nasu ya kai tsakiya, sai igwa ta fara daga can ƙetare. Na ga ruwa yana tashi sama tsawon rimi, na ga wuta ta kama man da ke jirginsu, baƙin hayaƙi ya rufe komai. Mutane suna ta faɗawa ruwa da takalmi da bindiga da jakar harsashi. Wasu sau ɗaya na ga kawunansu, wasu ruwa ya tafi da su suna rungume da katako, ya yi gaɓar can da su. Ina ta ƙwala masa kira kamar zai ji. Sai wani abu ya doke ni a cinya, ban sake sanin inda nake ba sai a asibiti. Duk wanda aka kawo daga kogin nan na tambaye shi. Wannan ya ce ya ga mai kama da shi ya kama igiya, wancan ya ce ba wanda ya fita daga gefen da yake. Hafsanmu ya ce ba ya cikin waɗanda aka binne, ba ya kuma cikin waɗanda suka dawo. Iyakar abin da aka iya gaya mini ke nan.

Bayan an daina yaƙi aka sallame ni saboda ƙafar. Babbar mota ta sauke ni a Kura, na ɗingisa zuwa ƙauye da akwatin ƙarfe a ka. Yara suka hango ni suka ruga da labari. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida da faifai a hannu tana bakace. Ba ni ta kalla ba, bayana ta kalla, ƙofar zaure. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ajiye faifan ta ce, "Sannu da hanya. Ina ka baro mutumin naka?"

Na durƙusa na faɗa mata abin da na gani, ban ƙara ba ban rage ba. Azumi tana tsaye a bakin ɗaki, wani ɗan yaro riƙe da zanenta yana leƙena. Ashe da ciki muka bar ta. Da na gama Gwaggo ta ce, "To ai ba ka ga gawarsa ba." Na ce ban gani ba. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da aikinta.

Bayan na ɗan huta aka kira ni zaure, ga liman, ga mai unguwa, ga mahaifina. Liman ya ce, "Ɗana, ka gan shi ya nutse?"

Na ce, "Allah gafarta malam, na ga jirgin ya kama wuta, na ga mutane a ruwa. Shi a kan kansa ban gan shi ba."

Mai unguwa ya gyara zama ya ce, "Amma a ganinka fa? Mutum yakan fita daga irin wannan?"

"Wasu sun fita, ranka ya daɗe. Wasu kama su aka yi aka tsare, sai bayan yaƙi aka sako su. Na ga irinsu da idona."

Da baƙin suka tashi, mahaifina ya tsai da ni. Ya rage murya ya ce, "Kalma ɗaya ce fa za ta sauke wa mata biyu kaya. Uwar ta yi kukanta ta huta, yarinyar ta yi takaba ta san inda ta dosa."

Na ce, "Baba, in na faɗa, gobe ya yi sallama a ƙofar nan fa?"

Liman ma da aka koma masa cewa ya yi ba zai sa mutum ya shaidi abin da bai gani ba. Saboda haka ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, ba wanda ya zo ya ce mana Allah ya ji ƙansa. Mutane in sun gamu da Gwaggo sai su rasa irin gaisuwar da za su yi mata, daga baya suka riƙa sauya hanya.

Yaron sunansa na yanka Ibrahim, amma mutanen gari suka fara kiransa Audi, sunan da akan sa wa wanda ubansa ya rasu yana ciki. Ranar da wata maƙwabciya ta kuskura ta faɗa a gaban Gwaggo, na ga abin da ban taɓa gani ba: Gwaggo mai haƙuri ta bi ta da muciya har waje. Azumi kuwa ta yi iyakar zaman da za ta iya. Shekaru suka shuɗe, ƙawayenta suna ta sake goyo, ita tana nan, ba matar aure ba, ba bazawara ba. Daga ƙarshe iyayenta suka kai magana gaban alƙali, ya yanka mata lokaci, lokacin ya cika, ta yi idda, wani mutumin Bunkure ya aure ta. Ranar da za ta tafi ta same ni ina gyaran danga, ta durƙusa can nesa kaɗan ta ce, "Don Allah, in ya dawo, ka gaya masa na jira." Na ce zan gaya masa. Ta bar yaron a hannun Gwaggo.

Ni kaina ban dawo yadda na tafi ba. Sautin bugun da na yi ta marmari a daji ya koma mini azaba. In masu bugu suka fara ba zato, sai in tsinci kaina a dunƙule a gindin bango, zufa tana keto mini, samari su yi dariya, tsofaffi su kau da kai. Sunana ya ɓace, kowa Soja yake ce mini, yara su bi ni suna tambaya mutum nawa na harbe. Inda na fara neman aure aka ce wanda ya ga jini ba a ba shi 'ya. Rinin ma da na koma masa ya fara mutuwa, atamfar kamfani ta cika kasuwa, ramuka suna bushewa ɗaya bayan ɗaya. A bariki akwai mai gaya maka lokacin tashi da na zama. A gida kuwa sai in wayi gari a kan dakali ina jiran umarni, ba mai bayarwa.

Ana cikin haka sai ga ma'aikata da sanduna masu ja da fari suna auna gonaki. Aka ce ruwa za a kawo daga madatsar Tiga, a yi noma rani da damina. Bayansu katafila ta zo. Ta baje iyakokin gonaki, ta cike kwari ta aske tudu, ta share hanyar ƙafar da muke bi zuwa bakin titi, aka yanka ƙasar a miƙe aka sake raba wa masu ita. A gonar da Sabo ya gada daga ubansa akwai wata tsohuwar ɗorawa da ake hangowa tun daga titi. Gwaggo ta kira ni ta ce, "Sun share hanya, sun sauya gonaki, ni da nake garin ma jiya sai da na ɓata. In mutumin naka ya sauka a mota, da me zai gane gida? Je ka roƙe su su bar ɗorawar nan. Kai soja ne, za su ji maganarka."

Na ciro kakina daga akwati na sa, ya yi mini yawa don na rame. Na je na tsaya a gindin bishiyar. Direban katafilar mutumin kirki ne, ya kashe inji ya sauko ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Wallahi Soja, na ji tausayin tsohuwar nan. Amma ka ga turakun can? Ta nan babban kanal zai bi. Ni ma aiko ni aka yi, kamar yadda aka taɓa aikenka." Na matsa gefe. Ya bari sai da na yi nisa sannan ya tada injin, amma ƙarar faɗuwarta har gida aka ji.

Ranar da aka sako ruwa a kanal gari duka ya fita, da kalangu da guɗa, yara suna tsere da bakin ruwan. Ni daga nesa na tsaya. Ruwan nan ya yi mana rana, ba zan ɓoye ba. Da shi na yi aure, da shi na ciyar da 'ya'yana, da shi maƙwabtana suka yi rufin kwano, wasu har suka sauke farali. Ya kuma zo da sauronsa da tsargiyarsa, lokaci-lokaci yakan ci yaro. Na yi shekaru ina ban ruwa a ƙananan magudanai da fartanya, amma ban taɓa tsoma ƙafata a babban kanal ba, in zan haye gada ma ba na kallon ƙasa.

Abin da ya hana Gwaggo fid da rai shi ne, wani lokaci wani yakan dawo. An yi wani da aka riga aka yi masa sadaka a garinsu, sai ga shi da mata da 'ya'ya daga kudu. Tun daga nan, duk labarin da ya shigo na wani tsohon soja da aka gani a tasha, ko wani mai taɓin hankali da ke fareti a kasuwa, sai ta kira ni. Ta sayar da kaza ko ɗan akuya ta ce in hau mota in dubo. Na je Kano, na je Zariya, na je garuruwan da ban san kowa ba, ina leƙa fuskokin bayin Allah. Wanda ba na mantawa shi ne na kasuwar Madobi. Wani mai kai albasa ne ya rantse mata ya ga wani mai tsayin Sabo sak. Na same shi a bayan 'yan awaki, ya saɓa karan dawa a kafaɗa a zuwan bindiga, ƙafa duk faso. Ya juyo, ba shi ba ne. Amma ya dubi irin tsayuwata, ya ƙame ya sara mini, ya ce, "Saje, an ce mu koma gida?" Na ce, "An ce." Ya ce, "To ina ne?" Na saya masa fura na zauna kusa da shi har ya shanye. Shi ma ɗan wata ne, ban kuma san inda zan kai shi ba. Da na dawo Gwaggo tana bakin ƙofa. Fuskata kawai ta duba ta ce, "Shiga ka sha ruwa, ka kwaso rana."

Ta tsufa ƙwarai kafin ta rasu. Ido ya tafi, amma kunne yana nan, ko mota ce ta tsaya a titi sai ta ɗaga kai. A ciwonta na ƙarshe, wata rana da azahar, masu dubiya sun tashi za su masallaci, ta ce ni in dakata. Ta lalubo hannuna ta ce, "Yanzu ba liman ba mai unguwa, daga ni sai kai sai Allah. Ka gan shi ya mutu?"

Na so in ce eh. Na buɗe baki, kalmar tana kan harshena. Na ce, "Gwaggo, ban gani ba."

Sannan ta ce, "To shi ke nan. Ni zan duba can. In na sami Sabo, ka huta. In ban same shi ba, kai ka ci gaba da dubawa a nan." Ranar ce kaɗai na ji sunansa a bakinta. Ban tambaye ta yadda zan san ta same shi ko ba ta same shi ba. Kafin Juma'a ta zagayo mun kai ta makwancinta.

Mahaifina ya riga ta, liman ya bi, mai unguwa ya bi, Azumi ma an aiko mana da rasuwarta daga Bunkure shekarun baya. Yaron ya ƙarasa girma a hannuna, sunan Audi ya bi shi tunda mai hanawa ta kau. Yanzu magidanci ne, yana noma rabon da aka mayar wa ubansa, har an fara zancen aurar da 'yarsa ta fari. Ni kuwa ban fasa ba. Duk ranar kasuwar Kura nakan je in tsaya inda motoci ke sauke mutane, in na ga tsoho baƙo in matsa in yi masa sallama in dube shi da kyau. 'Yan acaɓa sun saba da ni, wasu suna cewa Baba Soja ya fara ruɗewa.

Kwanakin baya, lokacin tsinkar tumatir, na je gonar Audi da yamma. Kasuwa ta faɗi, kwanduna jere a bakin hanya ba mai tayawa. Ya zo ya zauna kusa da ni a gaɓar magudana yana fifita da hularsa. Muka ɗan taɓa zancen taki da ciyawar kacala da ta toshe hanyar ruwa. Can sai ya ce, "Baffa, akwai abin da na daɗe ina son tambayarka. Waɗanda suka san shi duk sun tafi, saura kai. Ba hoto, ba komai. Innata takan ce idanuna nasa ne, kakata kuwa cewa take ban ɗauko komai nasa ba sai taurin kai. Kai fa? Na yi kama da shi?"

Na juya na dube shi. Furfura ta fara fito masa a gemu, rana ta yi wa goshinsa layi-layi, ya wuce shekarun da ubansa yake da su ranar da muka rabu nesa ba kusa ba. Na rufe ido na nemi Sabo. Muryarsa ta zo, tsokanarsa ta zo, har yadda yake jan ƙafa in ya gaji. Da na nemi fuskar, sai fuskokin mutanen da na yi ta leƙawa a tashoshi da kasuwanni suka yi ta zuwa, kowace tana rufe 'yar'uwarta. Ban san yaushe tasa ta tafi ba.

Na ce, "Audi, ba zan yi maka ƙarya ba. Fuskar ta ɓace mini."

Ya daina fifitar. Ya ɗauki wani fasasshen tumatir ya jujjuya shi ya jefa a ruwa. Ya ce, "To Baffa, duk ranar kasuwa da kake zuwa tasha, wa kake dubawa?"

Na ce, "An dai ce in ci gaba da dubawa."

Ya tashi ya kama ni na miƙe, ya ɗauke ni a babur ɗinsa har ƙofar gida. Ya riga ya juya kan babur ɗin zai tafi, sai ya tsaya ya ce, "Baffa, ranar kasuwa ka jira ni, ni zan kai ka. Ƙafar nan ba ta son tafiyar ƙasa."